Baffa, ga bayanin taron hamadar nan

Baffa, Allah ya ja kwana. Saƙonka ya iso, har da tambayar ko mu Hausawan Kalifoniya mun fara bautar gunki, tunda an nuna maka hotona kusa da ƙaton mutum-mutumin katako yana ci da wuta.

Sunan taron Burning Man. A bakin teku aka fara shi a San Faransisko a 1986, aka mayar da shi hamadar Black Rock ta jihar Nebada a 1990. Duk ƙarshen Agusta mutum wajen dubu 70 ke kafa gari na mako guda, maƙera da kafintoci da masu zane su baje aikinsu, a ƙona wasu, sauran a kwashe, ko tsinke ba a bari. Babu mai yi wa katakon sujada. Akwai masu shaye-shaye da masu yawo ba sutura, ba zan ɓoye maka ba. Ni na san inda nake sa ƙafa, kuma salla ba ta wuce ni ba, da taimama in ruwa ya yi ƙaranci, don kowa da ruwan da ya ɗauko yake rayuwa.

Abin da ya taɓa ni shi ne ba a ciniki. In ka cire ƙanƙara, komai kyauta ne. Zaman ƙasar nan ya mayar da ni mai ƙididdiga, baƙo sai ya bugo waya a sa masa rana. A can kuwa na shimfiɗa tabarma da sassafe ina dafa shayi da citta da kanumfari, duk wanda ya gifta in ce bismilla. Wani tsoho da ƙura ta yi wa fari fat ya zauna yana ba ni labarin matarsa da ta rasu, sai zauren yayanka, Allah ya jiƙansa, ya faɗo mini, yadda ake fito da tuwo bayan magariba ba a tambayar baƙo daga ina yake. Hawaye suka zubo mini.

Ƙosan da aka ci da shayin, matata ce ta soya, wadda har yau a gida ake kira "Baturiyar nan". Ita ta jiƙa waken ta surfe shi da hannunta. Wannan kiran yana yi mini ciwo, Baffa. Ta musulunta, ta yi jinyar Inna lokacin da ta zo ganin likita, amma sunanta ya gagara shiga bakinku. Yaran kuwa Hausarsu da tsami, gaskiya ne, sai dai ba sa gaida babba a tsaye, kuma da azumi tare muke buɗa baki da 'yan Nijar da 'yan zangon Kumasi, Hausa ce ke haɗa mu.

Tun da na dawo, ƙofata a buɗe take kowace Juma'a da yamma, ɗalibai da direbobi na zuwa cin tuwo ba tare da sanarwa ba. Shi ya sa kuka da daddawa ba sa jimawa a gidan. In an sami mai tahowa, a taimaka a aiko mana. A gaida su Gwaggo.