Tambaya da Amsa: Ba mu da ganga a lakwal, yaya zan koya wa yara kiɗa da rawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni malamar lakwal ce a nan Maradi, ina riƙe da ajin CE2 (aji na huɗu a firamare), yara 64. Darakta ya ce in shirya waƙa da rawar gargajiya don bikin ƙarshen shekara, kuma yaran ne za su tsara waƙar da kansu. Ba mu da ganga ko kalangu, ni ma ban taɓa koyon kiɗa ba. Ga wasu iyaye na cewa ba su kawo ɗiyansu lakwal don su zama maroƙa ba. Ta ina zan fara?
Wata malama, unguwar Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Gobe in an fita hutun safe, kada ki zauna a aji. Je ki tsaya inda ƴan mata ke gaɗa, ki saurara. Za ki ji mai bayarwa, ki ji ƴan amshi, ki ji tafi yana faɗuwa daidai babu wanda ya ƙirga musu. Abin da darakta ke nema yana hannun yaran nan tun daga gida, naki shi ne ki shigo da shi aji.

Ni da lugude nake farawa. Kowane yaro ya ga mata uku a kan turmi ɗaya, taɓarya na bin taɓarya, har wata ta cilla tata sama ta tafa ta cafe. Raba ajin layi uku: na farko su bugi cinya, na biyu su tafa, na uku su buga ƙafa, kowa a kan lokacinsa. Za su yi ta saurin bugu, wannan halin yara ne, sai ki riƙa jan su baya da naki tafin. Minti 15 a rana ya isa. Sai lugude ya zauna kafin ki kawo kaya: jarkar da ba komi a ciki ta zama ganga, gwangwanin tumatir da tsakuwa ya zama kacau-kacau, ƙwarya a kife cikin daron ruwa a buga ta da ludayi.

Wajen tsara waƙa ne nake so ki natsu. Hausa harshe ce mai hawa da sauka, shi ya sa kalangu ke magana: makaɗi ya matse igiyoyin a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka. Sa kowane yaro ya faɗi sunansa, sannan ya maimaita shi baki a rufe, sauran su gane sunan wa ke nan. Wanda kunnensa ya kama wannan ba zai ɗora kalma a kan karin da zai karya ta ba. Daga nan ki ba su amshi gajere, misali "Gero ya nuna, mu je gona". Kowane rukuni na yara takwas ya kawo layi ɗaya mai ƙarewa da "na". Wani zai ce "Baba ya ɗaure damin bana". Rubuta a tabulo, a rera da tafi. In layi ya fi tafin tsawo, su za su rage shi, ba ke ba. Ba su sani ba, ƙirgan gaɓa suke koyo, kuma zai taimake su a karatu.

Rawar kuwa a ɗauko ta daga aiki. Maza su yi takun manoma a gayya, ko takun ɗan kokowa in zai shiga fili. Ɗan Maradi ba a koya masa wannan, garin Kantu ne, ɗan kokowar da ya ɗauki takobin gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975. Mata su yi daka da shiƙa da tankaɗe.

Maganar iyaye kada ki raina ta. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma uba yana da hakkin ya tambaya. Ni na taɓa haɗa maza da mata a da'ira ɗaya ban shawarci kowa ba, wani uba ya riƙe ɗiyarsa a gida mako biyu. Laifina ne, har yau abin yana damuna. Don haka ki raba layin maza da na mata, ki hana liƙi, kada waƙar ta yabi wani mai kuɗi. Kira ƙungiyar iyayen yara ki karanta musu baitocin kafin ranar biki. Yaron da aka hana rawa kada a nuna shi da yatsa, ba shi alli ya zama marubucin waƙar.

In da hali, ku gayyato makaɗin unguwa sau ɗaya, a biya shi hakkinsa kamar kowane mai sana'a, ya kaɗa wa yara taken mahauta da na manoma su ji bambancin da kunnensu.