Kafin a shiga falo, a leƙa ɗakin janareta

"Maigida, jiya da muka kai Alhajin nan duba fulat ɗin Maitama, ba ka shiga da shi falo ba sai da ka zagaya da shi ɗakin janareta da wurin tankunan ruwa, har na ga ransa ya fara ɓaci. Ga tayil, ga kicin kamar na otal. Me ya hana mu fara da abin da zai burge shi?"

To, jawo kujera, yaro. Ai tayil ba ya buƙatar dillali, da kansa yake tallan kansa. Wanda zai ajiye miliyoyi a fulat ɗin alfarma a Maitama ko Asokoro ko Wuse 2, hutu ya zo saya: wuta ba yankewa, ruwa a famfo kullum, lif yana aiki, maigadi a bakin get dare da rana. Duk waɗannan ba a ganinsu daga falo. Ranar da ɗaya ya tsaya kuma, ba mai gidan za a kira ba, don wataƙila ma yana Dubai. Wayarka ce za ta yi ƙara da tsakar dare.

Ni ma da kuɗina na sayi wannan karatun. Lokacin ina kamar kai, na sa wani bawan Allah a hawa na biyar a wani bene, shi da iyalinsa da mahaifiyarsa tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ban tambayi wa ke gyaran lif ba. Ba a yi nisa ba lif ya tsaya, masu kula da ginin suka ce sai kowane ɗan haya ya kawo karo-karo, wasu suka ƙi. Tsohuwar nan ta zama kamar ɗaurarriya a sama, in za a kai ta asibiti sai an ɗauko ta a kan kujera. Mutumin bai zage ni ba. Gaisuwa kawai ya daina amsa mini, kuma duk abokansa da nake sa ran kamawa suka koma wurin wani dillalin.

Saboda haka idan na shiga ɗakin janareta, akwai abin da nake kallo. Guda nawa ne? In ɗaya ne tal, ranar da ake yi masa sabis kowa zai sha zufa. Ina duba agogon da ke ƙirga awannin aikinsa, in kalli ƙasa ko mai yana ɗiga, in tambayi daga ƙarfe nawa zuwa nawa ake kunna shi. Mai yi maka wannan bayanin tsakani da Allah shi ne maigadi, ba manaja ba. Ka gaishe shi da mutunci, ka ba shi na goro, zai faɗa maka har ranar da gas ya ƙare aka kwana a duhu.

Wutar AEDC, kamfanin raba wutar lantarki na Abuja, ma ba ta arha yanzu. Tun watan Afrilun 2024 da NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit, da alƙawarin awa 20 a rana, lissafin gidaje irin waɗannan ya sauya. Fulat mai esi a kowane ɗaki, ga hita, ga injin wanki, kati yake sha kamar ruwa. Sai ka tabbatar kowane fulat da mitarsa, ka kuma ji nawa masu ginin ke sayar da yunit, don wasu suna haɗa wutar gwamnati da ta janareta a mita ɗaya su yanka farashinsu.

Ruwa kuwa, ka tambaya na hukumar ruwa ne mai zuwa daga madatsar Usuma ko rijiyar burtsatse ce. Kada ka gwada famfon ƙasa ka ce shi ke nan. Hau hawa na ƙarshe, buɗe shawa da famfon kicin lokaci ɗaya, ka ga ko ruwan zai yi ƙarfi ko zai koma ɗigo. Kana can ka ɗaga kai ka dubi kusurwar silin. In ka ga sabon fenti a wuri ɗaya kawai, yoyon damina aka rufe.

Yanzu maganar kuɗi, inda rigima take kwana. A ce haya miliyan 20 a shekara. La'adarmu bisa al'ada kashi 10 cikin 100, miliyan 2 ke nan. Ga na lauya, ga kuɗin ajiya saboda ɓarna, sannan ga kuɗin hidima wanda shi ne ke tafiyar da janareta da shara da masu gadi. Wannan na ƙarshen shi ƙananan dillalai ke ɓoyewa sai an biya haya, wai kada ciniki ya ɓaci. Ni tun a mota nake faɗa. Sannan a rubuta a yarjejeniya: me ya ƙunsa, gas yana ciki ko daban ne, ana iya ƙara shi a tsakiyar shekara ko ba a iyawa, wa ke gyaran esi, wa ke gyaran lif. A rubuta maganar notis ma, ko da yake in takarda ta yi shiru, ɗan haya na shekara yana da wata 6 a doka. Ranar miƙa makulli ka ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar mita, don kuɗin ajiyar nan ba ya dawowa da fatar baki.

Alhajin jiya ransa ya ɓaci, gaskiya ne, amma ka lura shi da kansa ya tambayi manaja takardar lissafin kuɗin hidima na bara, manajan ya hau kame-kame. Gobe bayan Azahar za mu kai shi na Jabi. Ka riga mu zuwa, ka hau saman ka buɗe famfunan, ka zauna da maigadin kafin mu iso.