Kada ku zaunar da Baba a gida da sunan hutu

Ɗan'uwa ka ce Baba ya haura shekara 70, ya fara mantuwa kuma gwiwa na damunsa, wai ko ku hana shi fita ya zauna gida ya huta? Gaskiya a'a, kada ku hana shi. Ku bar shi ya riƙa takawa masallaci da ƙafarsa, ya zauna majalisa da tsaransa a sha shayi a yi hira, domin zaman kaɗaici a ɗaki shi ke saurin cinye tsoho, jiki ya yi sanyi tunani ma ya bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi tsoho ya samu motsa jiki aƙalla minti 150 a sati, ka ga kusan minti 20 ke nan kullum.

Namu Baban a nan Garwa ta ƙasar Kamaru mun taɓa zaunar da shi wata uku saboda tausayi, wallahi har tashi daga tabarma sai an kama shi, da muka mayar da shi tafiyar bayan asuba sai ga shi yana ɗauko jikoki daga makarantar allo da kansa. Amma da sharaɗi: kun san zafin Garwa a Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, kuma tsoho ba ya saurin jin ƙishi, to kada ya fita da tsakar rana, a ajiye masa ruwa kusa da shimfiɗarsa. Mantuwar kuma ku kai shi asibiti a gwada hawan jini da suga, a duba kunnensa ma, wani lokacin ba mantuwa ba ce, bai ji maganar ba ne tun farko.