Ƙanena ya faɗi daga babur, me ya haɗa bugun kai da sashen gashi?

Malam, Allah ya ƙara masa lafiya. Ka ce ya faɗi a hanyar Ringim sati uku da suka wuce, hoton kai bai nuna komai ba, amma jiri da ciwon kai sun ƙi tafiya, likita kuma ya tura ku wajen masu gashi, wato masu gashin ƙashi da motsa jiki na asibiti (physiotherapy). Likitan ya yi daidai, don ba targaɗe da karaya kaɗai suke dubawa ba.

Bugun da ya girgiza ƙwaƙwalwa yakan fizge wuya, kuma ciwon kai da yawa daga wuyan yake tasowa. Jirin kuwa sau da yawa daga can cikin kunne ne: wasu 'yan ƙananan duwatsu ke gocewa daga mazauninsu, mutum na juyawa a tabarma sai ya ga rufin ɗaki na zagayawa. Mai gashi zai kwantar da shi, ya juya masa kai daki-daki har su koma. Yakan kuma koya masa kafa ido a kan babban yatsa yana girgiza kai a hankali.

Don Allah kada ku ƙulle shi a ɗaki. Bayan hutun awa 24 zuwa 48, tafiya ake so, ko zuwa masallaci da dawowa, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Banda babur, ƙwallo da ɗaukar buhu a ka tukuna.

Akwai sashen gashi a Asibitin Malam Aminu Kano da na ƙashi na Dala. In ya soma amai akai-akai, farfaɗiya, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa ya yi wuya, ku nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.