Mariƙin reza na roba ya isa mai koyon aski da reza mai baki biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji da rezar nan mai baki uku ko biyar da ake sauya wa kai, ga tsada, ga ƙurajen da take fesa min a wuya. Ina so in koma aski da reza mai baki biyu, da sabulu da buroshi. Na ga akwai mariƙinta na roba mai araha, amma wani abokina ya ce asarar kuɗi ce, gara in jira in sayi na ƙarfe. Da wanne ya dace in fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, fara da na robar, kada ka jira.

Aikin mariƙi kaɗan ne. Yana danne rezar, ya ɗan lanƙwasa ta, ya bar bakinta ya leƙo daidai gwargwado. Rezar ce mai yankan gashi, kuma siffarta ɗaya ce a ko'ina, wadda za ta shiga mariƙi mai tsada ita ce za ta shiga mai araha. Tun da King Camp Gillette ya samu rajistar ƙirarsa a Amurka a 1904, dabarar ba ta sauya sosai ba. Galibin na roba kuma an yi su da sauƙin kai, ratar da ke tsakanin bakin reza da abin kariya ƙarama ce, don haka ba su cika yankan mutum ba. Abin da mai koyo yake bukata ke nan.

Sanannu a cikinsu akwai Wilkinson Sword Classic, baƙi, mai sauƙin sarrafawa. Akwai Feather Popular na Japan, hannunsa roba, kansa yana buɗewa kamar ƙofa biyu in ka murɗa. Sai Dorco PL602 na Koriya ta Kudu, wanda roba ne tun daga sama har ƙasa.

Inda abokinka yake da gaskiya shi ne nauyi. Na ƙarfe nauyinsa ne yake yin aikin, kai jagora kawai kake yi masa. Na roba kuwa ba shi da nauyi, sai hannu ya ji kamar ba a komai, ya fara dannawa. Ga shi kuma ka saba da wadda kanta yake juyawa yana bin fuska, wadda ke yafe dannawa. Wannan ba ta yafewa. Mafi yawan zafin fata da ɗigon jinin da ake ɗora wa roba laifi, hannun mai askin ne ya jawo su. Riƙe mariƙin da yatsu uku, sakwa-sakwa. Ɗora saman kansa a kumatu, hannun mariƙin yana kallon waje, sannan ka riƙa sauke hannun a hankali har ka ji rezar ta fara cin gashi. Nan ne wurin, kusan digiri 30. Kashe famfo ka saurara, za ka ji ƙarar yankan. Ja gajere-gajere, ka wanke, ka juya ɗaya bakin.

Batun ƙuraje shi ya fi jan hankalina a tambayarka. Gashi mai naɗewa in an yanke shi ƙasa da fata, yakan lanƙwaso ya soki fatar ya tsiro a ciki. Reza mai baki da yawa takan ja gashin sama kafin ta yanke, shi ya sa take tsananta abin. Mai baki biyu kuwa, da yake baki ɗaya ne yake taɓa fata a lokaci guda, tana rage wannan, amma fa sai ka bi kwanciyar gashi. Bar gemun kwana biyu, ka shafa da yatsa ka gane inda yake fuskanta, musamman a wuya, inda sau da yawa yake karkacewa gefe ko ya yi sama. Watan farko kada ka aske shi ta baibai, kada ka ja fata ta yi tsam, kada kuma ka matsa wa kanka sai fuska ta yi sumul kamar madubi. Jiƙa gashin da ruwan ɗumi na 'yan mintuna, kumfar sabulun ta kasance mai ruwa-ruwa da santsi. In ka gama, ruwan sanyi, sai ka shafa alif. Duk inda ya yi maka raɗaɗi, alama ce ka danna rezar a wurin. In ƙurajen suna yin mugunya ko suna barin tabo mai kumburi, dakatar da askin ka ga likitan fata.

Kuɗin da ka rage, zuba shi a gwada reza iri-iri: Astra, Derby, Shark. Rezar Feather tana da kaifi ƙwarai, bar ta sai hannunka ya faɗa. Sauya reza bayan aski uku zuwa biyar, ko da zarar ta fara fizgar gashi. Kada ka sauya reza da sabulu rana ɗaya, ba za ka san wanne ya gyara ko ya ɓata ba.

Raunin mariƙin roba na gaske shi ne wurin murɗawa, yana cinyewa in ana ɗaure shi da ƙarfi. Murɗa har ya tsaya, ka ƙyale shi. Kafin ka kai fuska, duba ko bakin rezar ya leƙo daidai ta ɓangarorin biyu, don masu arahar gaske wani lokaci sukan karkace. Kada ka zuba masa tafasasshen ruwa, kada ka ba kowa aro, tsofaffin reza kuma ka tara su a gwangwani mai murfi inda yara ba sa kaiwa.

Bayan wata biyu ko uku, in gemunka mai kauri ne har sai ka bi wuri ɗaya sau huɗu kafin ya fita, to lokacin na ƙarfe mai ɗan faɗin rata ya yi. Na robar sai ya koma jakar tafiya.