Amsa ga ɗan uwan da gwiwarsa ke zillewa bayan ciwon ƙwallo

Salam 'yan gida. Ɗan uwa na ga tambayarka tun da safe, wlh ina karantawa jikina ya yi sanyi sbd kamar labarina kake bayarwa. Ka ce kana juyawa da ƙwallo ba wanda ya taɓa ka sai ka ji ƙas a gwiwa, kafin magariba ta kumbura suntum, an yi hoto an ce ƙashi lafiya lau, mai ɗori ya ce targaɗe ne, yanzu kumburin ya saɓe amma in za ka sauko daga bene ko ka juya da sauri sai ta zille, kuma koci yana so ka ɗaure bandeji ka buga gasar da za a fara. Don girman Allah kar ka buga. Ko kofin na zinare ne kar ka buga.

Hoton da aka yi maka ƙashi kawai yake nunawa, ba ya ganin jijiya. A cikin gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna suna riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri, ta gaban ita ce likitoci ke ce wa ACL, kuma abubuwan nan da ka lissafa, ƙarar da ka ji da kumburi cikin 'yan awanni da zillewar, su ne alamunta in ta tsinke. Likitan ƙashi zai kwantar da kai ya ja ƙwaurin gaba da hannu ya ji ko yana tafiya, in ya ga da buƙata ya tura ka MRI, shi ne yake nuna jijiya da guringuntsi. Da tsada gsky, amma ya fi abin da na gani.

Ni haka aka yi min. Kumburi na sauka kocinmu ya zo har ƙofar gida da mashin ɗinsa, mutumin da muke ce wa baba, muke ɗaukar masa jaka, ya ce semi fainal ce kuma akwai masu zuwa kallon 'yan wasa, in ban buga ba na yi wa kaina. Shi da kansa ya kai ni kemis aka yi min allurar kashe zafi, shi ya naɗe min gwiwar da hannunsa yana cewa namiji ne kai, mu a zamaninmu da karaya muke bugawa. Ba a je ko hutun rabin lokaci ba na tashi zan tare wani kuros, ina dirowa ƙafar ta tafi gefe ni na tafi gefe. Wlh ɗan uwa ban taɓa jin azaba irin wannan ba, ina kwance cikin ƙura ina kiran sunan Allah, abin da kunnena ya jiyo shi ne muryarsa yana cewa ku fitar da shi lokaci na tafiya. Ku fitar da shi! Ko sunana bai kira ba. Yaran unguwa ne suka cicciɓe ni zuwa adaidaita, ƙanina ya biya kuɗin. Har yau ɗin nan da nake rubutun nan bawan Allahn nan bai tako gidanmu ya ce ya jiki ba, ko filashin bai yi min ba, kwanaki na hango shi a wani ɗaurin aure ya kau da kai. Na bar shi da Allah amma abin yana ci min rai, sbd da aka yi MRI daga baya likita ya ce jijiyar tun faɗuwar farko ta tsinke, shi kuwa guringuntsin a wasan nan na biyu ya yage, kuma shi ne yake sa gwiwata take maƙalewa ta ƙi miƙewa. Mahaifiyata ce ta yi ta fama da ni, ita ce mai ɗebo ruwan alwala, ita ce mai neman bashi.

Maganar mai ɗori kuma, ni ba na raina su, akwai iyayenmu a cikinsu kuma gado ne, amma jijiyar da ta tsinke a can cikin gaɓa ba a ɗora ta da hannu. Ni ƙarti ne suka danne ni aka yi ta jan ƙafar ana murzawa da man zafi, washegari ta ninka kumburi. Kwana biyu zuwa uku na farko ba a son zafi ba a son murza, ƙanƙara ake so, ka naɗe ta a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20 ka cire, bayan 'yan awanni ka sake, ka ɗora ƙafar kan filo ta fi ƙirjinka tudu. Ko fiya wata mai ƙanƙara ya isa tunda wutar tamu sai a hankali. Kai ka wuce wannan matakin amma na faɗa ne sbd sauran 'yan gida.

In kana Kano ko kusa ka tafi asibitin ƙashi na Dala, ko duk wani asibitin koyarwa da ke kusa da kai, ka yi sammako sbd layi. Kuma ka nemi a haɗa ka da masu gashin ƙashi na asibiti, wato fisiyo, tun yanzu kar ka jira sai an yi maganar tiyata. Duba cinyarka ta ƙafar nan ka gwada da ɗayar, na tabbata ta fara ramewa, naman cinya da wuri yake zubewa in ba a aiki da shi kuma shi ne yake taimakon gwiwa. Ba kowa ake yi wa aiki ba, wani da gashi da motsa jiki yake komawa harkarsa lafiya, amma mai son komawa ƙwallo inda ake juyi da birki yawanci sai an dasa masa wata jijiyar, kuma bayan aikin ana maganar wata 9 zuwa shekara kafin ka shiga fili. Ka tuna Van Dijk ɗan bayan Liverpool a Oktoban 2020 da golan Everton ya shige shi ya ji ciwo a jijiyar nan, duk kuɗin Liverpool da likitocinsu sai da ya rasa sauran kakar gaba ɗaya. To kai wa ya ce sati biyu da bandeji zai ishe ka?

Sannan ƙwayoyin nan, don Allah. Na san yadda ake yi kafin wasa, wannan ya miƙo diclofenac wancan ya miƙo tramadol. Zafin nan shi yake gaya maka ka tsaya, in ka kashe shi sai ka yi ta ɓarna ba ka sani ba, ga olsa ga ƙoda, ita kuma tramadol kowa ya san inda ta kai wasu abokanmu.

Abin da ke ƙona min rai ma filayenmu ne, ƙasa ta bushe ƙamas lokacin sanyi, ga ramuka ga tsakuwa, yaro zai sauko daga mashin ya zura but ya faɗa wasa ko ɗumama jiki babu. Akwai tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, minti 20 ne kacal, kyauta yake a YouTube, yana koya yadda ake dirowa da yadda ake juyawa gwiwa ba ta faɗa ciki ba, amma kocinan unguwa nawa ne suka taɓa buɗe shi? Sai zagaye fili da ihu. Yaran da nake gani da yamma a layinmu ni nake tsayar da su su yi ko rabinsa ne.

Ka samu wani babba a gidanku ya yi wa kocin naka magana in kai kana jin nauyinsa, na san yadda abin yake. Kafin ka ga likita banda gudu, banda tsalle, sallah ma in durƙuso yana ba ka wahala ka yi a zaune. In kuma ka ji ta maƙale ta ƙi miƙewa ko ta sake kumbura, a ranar ka tafi kar ka jira. Ka dawo ka gaya mana abin da suka ce, in MRI ɗin ne ya gagara mu yi karo-karo a nan, ni zan fara. Allah Ya ba ka lafiya ɗan uwa.