Mun Rubuta wa Ƙaramar Hukuma, Shiru

Tambaya: Mun rubuta wa ciyaman kan famfon burtsatsenmu da ya lalace, wata uku shiru. Ina muka kuskure?

Amsa: Malam, galibi takarda a aljihun ɗan aike take mutuwa. Ku kai ta ofishin rajista na sakatariya da kanku, kwafi biyu, a buga wa naku hatimi da kwanan wata. Daga can za ta shiga fayil, a tura wa sashen ayyuka. Koke ɗaya tak, shafi ɗaya, mai unguwa ya sa hannu. Kada ku tsallake kansilanku, shi zai tayar da maganar a zauren majalisa, kuma ba ya wasa da sa hannun magidanta 50 masu ƙuri'a. Bayan mako biyu ku koma da kwafinku.